Gaisuwar da Ta Cinye Mana Rijiya

Mu uku ne muka kafa ƙungiyar samari, kuma mu ukun ne shugabanninta, don haka ba mu da mabiyi ko ɗaya. Ni ne shugaba, saboda ni na fara kawo maganar. Abokina tela, mai keken ɗinki a bakin kasuwar Bungudu, shi ne ma'aji, abin da yake ajiyewa kuwa kwalbar tawada ce da alƙalami biyu. Na ukunmu malamin awon gyaɗa ne a Tsafe, mai kyan rubutu da son a yaba masa, shi muka naɗa magatakarda. Tare muka yi elementare a Bungudu, tare muka sha bulala. Cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai ne, ana ta maganar mulkin kai amma Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma duk saurayin da ya iya haɗa baƙi da wasali gani yake shi zai gyara duniya kafin la'asar.

Ni a lokacin ina koya wa manya karatun boko a ƙauyenmu, wani ɗan ƙauye da ke bayan Nahuce. Ɗalibaina sa'o'in mahaifina ne, wasu ma sun girme shi, ga gemu ga furfura, ina tsaye da alli ina ce musu su maimaita. Wannan kaɗai ya isa ya kumbura wa yaro kai, nawa kuwa ya kumbura. Idan jaridar Hausa ta iso hannuna, ko da ta kwana goma a hanya, sai in zauna gindin durumin ƙofar dagaci in karanta wa jama'a da ƙarfi. Shafin wasiƙu na fi so. Can za ka ga wani daga wani gari ya rubuta cewa hanyarsu ta lalace, ga sunansa, ga sunan garinsu, da baƙaƙen inji. Ina karantawa ina jin hassada tana cin raina. Ina ce wa kaina, wannan da me ya fi ni?

Abin rubutawa kuwa ba sai na nema ba, yana cikin gidanmu. Ƙauyenmu ba rijiya, tabki muke sha, mu da shanu. Duk damina, daidai lokacin da gona ke neman mutum, sai kurkunu ya kwantar da rabin gari. Wanda bai san kurkunu ba ya gode wa Allah. Ƙafa ce za ta kumbura ta yi ƙurji, ta yi zafi kamar an ɗora garwashi, sannan wata farar tsutsa mai kama da zare ta leƙo. Ba a fizge ta, don in ta tsinke an shiga uku. A jikin tsinke ake naɗe ta, kullum kaɗan, har wata guda ko fiye. Inna, mahaifiyata, damina uku a jere yana kama ta. Da can cewa muke yi iska ce ko jini, sai da magatakarda ya ga majigi a Gusau aka nuna musu cewa daga ruwan tabki yake, kuma rijiyar siminti ce maganinsa. Ya zo ya ba mu labari yana haɗawa da hannu da ƙafa, kai ka ce shi ya gano abin.

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji abu, sai ta faɗa wa ƙanwata, ko da ina zaune a gabanta. Sunana a bakinta shi ne wancan. Ban taɓa jin haushin wannan ba, haka na taso na gani. Amma in na ga tana zaune da tsinke a idon sawu, tana cije leɓe don kada in ji ta yi ƙara, zuciyata tafasa take yi.

A rumfar tela muka rubuta wasiƙar, ran kasuwar Bungudu, bayan an gama girbi. Layi huɗu ce. Mun ce ƙauye kaza ba shi da rijiya, mutane na shan tabki, kurkunu na hana su noma, akwai wata dattijuwa da ya kama shekara uku a jere, muna roƙon a haƙa mana rijiyar siminti bana da rani. Magatakarda ya ƙawata ta da rubutunsa, muka sa hannu. Tela ya karanta ya ce, "Wallahi wagga in ta hita, sai Razdan ya aiko a kira mu." Muka fara gardamar wanda zai shiga gaba in an kira mu ɗin.

Da mun jefa ta gidan waya a ranar, da wannan labari bai samu ba. Sai ni, da shegen son a yaba mini, na ce bari mu nuna wa Kawu.

Kawu yayan Inna ne, kuma shi ne malamin da ke rubuta wa hakimi takardu. Duk ƙasar Bungudu ba wanda ya kai shi iya tsara wasiƙa. Muka same shi a zaurensa, muka durƙusa muka gaishe shi, na miƙa masa takarda ina ƙunshe murmushi. Ya karanta. Ya juya bayanta ya ga wayam. Ya sake juyowa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wagga takarda ta, ko jihwa?"

Na ce, "Kawu, kuka ne muka kai."

Ya ce, "Wa yak koya muku shiga gidan manya babu sallama? Jarida hwa kowa na karanta ta. Sarki na karanta ta, hakimi na karanta ta. In kana son abu ga babba, ba ka hwarawa da abin da kaka so. Sai ka gaishe shi, ka gai da na kusa da shi, ka gode, ka ƙara godewa, har sai shi da kainai ya ce maka, to mi yat taho da kai? Sannan ka sadda kai ka hwaɗi, shi ma kaɗan. Ku ɗauko takarda."

Magatakarda ya tsoma alƙalami, Kawu ya jingina da bango ya lumshe ido ya fara shifta. Ni dai ban taɓa jin Hausa mai daɗi irin ta wannan rana ba. Takarda ta fito daga hannun samari masu biyayya, zuwa ga edita, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Muka gai da sarki, muka yi masa addu'a layi biyar. Muka gai da hakimi, muka ce adalcinsa ya game ƙasa. Muka gai da alƙali da limamin Jumma'a da dagacinmu da masu unguwanni. Muka gai da Turawan mulki, Razdan da Di'o. Tela ya ce a sa malamin asibiti, aka sa. Ni na ce a sa tsohon hedimastanmu, wanda ya ƙare mana bulala a jiki, shi ma aka sa. Daɗi ya ɗebe mu, kowa na tuno wanda aka manta, har sarkin pawa sai da ya samu rabonsa. Bayan nan Kawu ya ce a rubuta, muna shaida wa duniya cewa a ƙarƙashin inuwar waɗannan shugabanni muna zaune lafiya, muna cikin ni'ima, ba mu rasa komai ba.

Sai can ƙasan shafi na uku, inda takarda ta kusa ƙarewa har magatakarda na matse rubutu, aka ce, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba, wata baiwar Allah na fama da ƙafa saboda ruwan tabki, in da hali a dube mu da rijiya.

Muka fito zauren Kawu muna tafiya kamar waɗanda aka yi wa naɗi. Tela ya ce, "Ka ji manya! Mu da mun tashi kunyata kanmu." Washegari muka hau kekuna biyu mu uku zuwa Gusau. Tela ne ya goya magatakarda, suka faɗi sau biyu kafin mu kai, amma ambulan na cikin hulata, ko ƙura bai taɓa shi ba. A gidan waya muka yi rigima kan wanda zai lashi kan sarki. Na ce ni ne shugaba. Tela ya ce kayan ƙungiya ne, yawun ma'aji ya kamata. Ƙarshe dai ni na lasa, tela ya manna, magatakarda ya jefa akwati, muka tsaya muna leƙen ramin kamar za a miƙo mana amsa nan take.

Da na koma gida na tsaya tsakar gida na ce wa ƙanwata da ƙarfi, "Ki gaya ma Inna na sa ƙahwarta jarida. Duniya dut za ta ji."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ki ce ma wancan Allah shi yi albarka."

Mako shida muna jira. Na rame. Duk motar da ta tsaya Bungudu sai in ga kamar jarida ta kawo. Tela ya ɗinka wa wani hannun riga a wuya saboda tunani. Jirgin ƙasan da ke ɗauko jarida daga Zariya ta Tsafe yake bi kafin ya kai Gusau, don haka muka ɗora wa magatakarda aikin tsaron tasha.

Ranar da abin ya faru ina gaban allo ina koya wa dattawa harafi, sai na ji ana kwaɗa mini kira tun daga bakin gari. Na leƙa, sai ga magatakarda a kan keken aro, ba hula, rigarsa ta jiƙe sharkaf, tela na goye a bayansa da almakashi a hannu, ya manta bai ajiye ba. Ashe tun da safe ya ga jaridar a Tsafe, ya bar sikeli da manoma a layi, ya ɗare motar gyaɗa zuwa Gusau, ya ari keke, ya tsaya Bungudu ya kwaso tela. Yana ɗaga jarida sama yana cewa, "Mun hito! Shugaba, mun hito!"

Na fizge. Ga wasiƙarmu nan a shafin wasiƙu, an yi mata kanu da manyan baƙaƙe, wai samari sun gode. Idona bai tsaya ko'ina ba sai ƙasa. Sunana. Sunan mahaifina a jikin nawa. Sunan ƙauyenmu, wanda ko a bakin direbobi ba ka jin sa. Na shafa wurin da yatsa, na shinshina takardar. Wallahi na yi tsalle a gaban ɗalibaina, mutanen da nake hana su tari in ina magana.

Kafin a jima gari ya taru gindin durumi. Na hau kan turmi na fara karantawa. Ina ambaton sarki aka ce amin. Ina ambaton hakimi aka ce amin. Da na iso kan dagacinmu, tsohon ya miƙe tsaye, ya rasa abin yi, ya sake zama, ya ce in maimaita wurin. Na maimaita sau uku. Wani mai unguwa ya tambaya ko Turawan Ingila ma za su ji sunansa, na ce ƙwarai kuwa, ban san ko gaskiya ba ne. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga bayan danga. Makaɗin garinmu ya ji hayaniya ya rataya kalangu ya fito, bai san abin da ake yi ba, ya dai ga an yi da'ira sai ya kama kiɗa. Da na karanto sunayenmu uku, samari suka ɗaga mu sama. Tela na sama yana ihu a yi hankali da almakashi. Dagaci ya aiko mana da zakara. Wani dattijo da ya daɗe yana hana ni kallon 'yarsa ya kama hannuna ya ce in riƙa leƙowa ana gaisawa.

Sau uku na karanta wasiƙar nan a bainar jama'a. Magatakarda ya ce shi ya karanta ta ya fi sau goma a bayan mota. Tela ma ya bi ta da yatsa. Ba wanda ya lura da komai a cikinmu.

Da la'asar na shiga gida, ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna na zaune bakin ɗakinta tana kaɗi. Na zauna nesa kaɗan, na kira ƙanwata na ce ta zo in karanta mata jarida, don Inna ta ji. Na gyara murya na karanta tun daga gaisuwa mai yawa har zuwa ba mu rasa komai ba, sai sunayenmu. Na naɗe jarida ina jiran albarka.

Inna ta ci gaba da murza mazari. Can ta ce, "Ke, tambayi wancan. Na ji sarki, na ji hakimi, na ji har sarkin pawa. Ina ƙahwata?"

Na buɗe jaridar. Na bi ta layi layi. Na duba shafi na gaba ko an ƙarasa a can, na tarar da tallar sabulu. Babu ƙafa, babu tabki, babu rijiya. Wasiƙarmu ta yi wa shafin tsawo, edita ya sa almakashi ya datse wutsiyar, kuma a wutsiyar muka ɓoye abin da ya kai mu. Ban ga laifinsa ba. Mutum ya karanta kusan shafi uku na godiya, me zai ce in ba samari sun gode ba? Dabarar Kawu ta zaure ce, inda babba ke gajiya da gaisuwa ya ce me ke tafe da kai. Mu kuwa muka kai ta inda ba mai tambaya.

Na naɗe jaridar. Na fita na sami abokaina suna fige zakara, na nuna musu. Magatakarda ya karɓa ya duba har bayan takardar, irin yadda Kawu ya yi wa tamu. Tela ya ce, "To, ai dai sunanmu ya hito." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Bayan kwana huɗu Kawu ya zo ƙauyenmu da kansa, abin da bai saba ba. Ya shiga ya gai da ƙanwarsa, ya fito ya kira ni gefe. Ya ce hakimi ya ji daɗin wasiƙa ƙwarai, har ya sa an karanta masa sau biyu. Sai ya rage murya. Ya ce, "Shekaranjiya anka zauna kan garuruwan da za a yi ma rijiya bana. Guda huɗu za a yi, masu so sun hi goma. Da anka zo kan naku, wani yac ce ai waɗanga ɗiyansu sun hwaɗi ga jarida, ba su rasa komi ba. Anka wuce."

Na ce, "Kawu, ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "Ni na tsara maganar. Da wane baki?"

Na yi fushi a ranar, fushi mai tsanani, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Kawu bai yi don mugunta ba, ƙafar ƙanwarsa ce. Ni ne na kai masa takarda don a ce na iya. Ni ne na ƙara hedimasta.

Tela bai yar da wasiƙarmu ta farko ba, ashe tana cikin akwatin keken ɗinkinsa tare da zare. Muka ɗauko ta, layi huɗun nan, magatakarda ya sake kwafewa. Sai muka tsaya muna kallon ta, don har yanzu kunya muke ji, ta yi tsirara da yawa. Tela ya ce, "A sa gaisuwa daga ƙasa. In edita na jin yanka, shi yanke ta." Haka muka yi, layi ɗaya, muna gai da shugabanni baki ɗaya. Na ce wannan karon ba mai nuna wa kowa. Muna cikin liƙe ambulan sai ga Kawu a bakin rumfa, ya zo karɓar ɗinki. Ya miƙo hannu, ban iya hana shi ba. Ya karanta, ya daɗe a kan layin dattijuwar nan. Na jira faɗa. Sai ya ninke ta ya sa aljihu ya ce, "Gobe ina zuwa Gusau. Ni ka jehwa ta."

Ta fito, ƙarama, a kusurwar shafi, kuma ko gaisuwar ba a yanke ba. Ba a yi kiɗa ba, ba a ba mu zakara ba. Dagaci ya yi mako biyu yana amsa gaisuwata a daƙile. Amma an sa ƙauyenmu cikin na baɗi, tunda na bana an riga an rufe.

Tsakanin bana da baɗi akwai damina guda. A cikinta kurkunu ya sake kama Inna, wannan karon a gwiwa. Ya tsinke a ciki. Ta yi wata uku a kwance, da ta tashi gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa, kuma ba ta sake lanƙwasuwa ba har ta bar duniya. A zaune ta koma yin salla, ƙafa ɗaya a miƙe.

Ranar da aka gama rijiyar, da rani, gari ya sake taruwa, makaɗin nan ma ya fito, wannan karon ya san dalili. Tela da magatakarda suka zo da sababbin riguna, muna ta yi wa juna kirari, har na fara jin kaina na kumbura kamar da. Sai na hango Inna tafe da sanda, tana jan ƙafa, ƙanwata na riƙe mata da guga. Mata suka buɗa mata hanya. Ta karɓi gugan ta zura da kanta, ya cika. Ta yunƙura za ta ja, amma jan ruwa sai an dogara da gwiwa, tata kuwa ba ta dogaruwa. Ta gwada sau biyu. Ƙanwata ta miƙa hannu, Inna ba ta ba ta ba. Ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na yi wayo.

Ta ce, "Kai. Zo ka ja min."

Na je na karɓi igiyar na ja.